Wazirin da Ya Jira a Neme Shi

Mahamadou mutum ne mai kaifin tunani, sai dai Allah ya zuba masa taurin kai. Shekara da shekaru shi ne wazirin Alhaji Ismaël, sarkin Hausawan Tompkinsville, wata unguwa a birnin New York. Sarauta ce ta kujerun roba a ɗakin ƙasan masallaci, amma duk wanda aure ya rikice masa ko aka yi masa rasuwa, nan yake kawo kukansa. Su biyun tare suka tashi a Damagaram, tare suka sha sanyin New York suna tallar jakunkuna a bakin titi.

A wajen tallar nan Mahamadou ya tsinci labarin da ya cuce shi. Wani tsoho mutumin Iran mai sayar da darduma kusa da shi ya ba shi labarin Buzurjimihir, wazirin Kisra sarkin Farisa. Wai sarki ya yi fushi da shi ya jefa shi kurkuku. Duk lokacin da aka aiko a tambayi lafiyarsa, sai ya ce a gaya wa sarki ya fi shi jin daɗi. Aka yi ta ƙara masa azaba har idonsa ya tafi. Ƙarshe sai ga wata tambaya daga Rum ta gagari fada gaba ɗaya, dole sarki ya fito da shi, ya ba shi haƙuri. Mahamadou ya haddace labarin nan kamar karatun sallah, kowa ya ji shi a bakinsa har an gaji.

Rigimarsa da Alhaji a kan watan Sallah ta tashi. Alhaji ya ce an ga wata a gida, saboda haka gobe idi. Mahamadou ya miƙe a gaban jama'a ya ce a bi masallatan gari, don ranar ce yara ke da hutun makaranta. Gaskiya ya faɗa, kowa ya sani. To amma waziri a kunne yake magana, ba a tsakiyar taro ba, kuma shi ya fi kowa sanin haka.  Bayan Sallah Alhaji ya sa aka je aka karɓo rawanin wazircin.

Bayan 'yan watanni, sai ga Hafiz mai tasi a ƙofar gidan Mahamadou. Ya ce, "Baba, sarki na gaisuwa. Ya ce yaya jiki?"

Ko yaro ya san ma'anar wannan aike. Sarki ba ya cewa a yi haƙuri, gaisuwa yake aikowa, wanda aka gaisar kuma ya sa takalmi ya je ya amsa da kansa, shi ke nan magana ta mutu. Amma Mahamadou ya gyara zama ya ce, "Ka gaya masa na fi shi lafiya."

Matarsa Habsatou ta jira Hafiz ya fita, ta ce, "Malam, wannan fa ba Kisra ba ne. Ismaël ne, wanda kuka ci tuwo a kwano ɗaya."

"Zai neme ni," in ji shi. "Abin da zai gagare su na nan tafe."

Aka sake aikowa, ya sake maimaitawa. Ciwon sukari ya fara cin idonsa, har ya daina gane fuska sai murya, abin haushi ma sai ya ɗauki hakan alamar yana bin sawun Buzurjimihir. Amma Habsatou na ganinsa yana zabura duk sanda waya ta yi ƙara. Kewar abokinsa ce ke cinsa, girman kai ya hana shi faɗa. Daga baya aiken ya ɗauke ɗif. Babu tambayar da ta gagari kowa. Aka yi aure, aka yi suna, aka binne matattu, duk ba da shi ba.

Wata safiya Hafiz ya dawo, ba da saƙo ba. Ya ce jinin Alhaji ya hau ya faɗi, yana asibiti a Manhattan, can tsallaken ruwa, kuma tun aiken farko Alhajin ya san ba shi da lafiya, ya hana a faɗa.

Mahamadou bai gama shan kununsa ba. Habsatou ta riƙe hannunsa suka hau jirgin ruwa a tashar St. George, yana ta tsara abin da zai ce, hawaye na zuba.

Suka tarar da Alhaji kwance, baki ya karkace, hannu ɗaya ya mutu. Mahamadou ya lalubi ɗayan ya riƙe.

"Ranka ya daɗe, ga ni na zo. Ka yafe mini."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Da ƙyar ya ce, "Bawan Allah, ka san Tompkinsville?"

"Na sani."

"In ka fita ka biya, ka ce wa Mahamadou ya zo. Ina ta aike."

"Ni ne, Ismaël. Ni ne Mahamadou."

"A'a," in ji Alhaji, ya zare hannunsa a hankali. "Shi nake so."

Mahamadou ya ce, "To, zan gaya masa."