Ganawa a Gaban Suruki

Adama ta sake gyara zama a kan bencin, ta ɗora jakar takardunta a cinya, leɓɓanta suna motsi ba tare da sauti ya fita ba. Wanda ya gan ta zai ɗauka lazimi take yi, alhali amsoshin da ta haddace da Turanci take bita.

"Ke kam kin takura wa kanki," in ji Lauratu, wadda ke zaune kusa da ita tana fifita da gefen gyalenta. "Tun da muka zo bakinki bai huta ba. Ko musabaƙa za ki shiga?"

"Ƙyale ni, Lauratu. Ke kin saba."

"Na saba da me? Da a ce mini in tafi gida za a neme ni? Wannan kam na saba, har na fi masu faɗa iya faɗi."

Tare suka yi aiki a ɗakin masu buga tafireta na wata ma'aikatar gwamnati, har zuwa lokacin da soja suka yi ragin ma'aikata, aka sallame su rana ɗaya. Yanzu soja sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki, sababbin kamfanoni suna ta buɗewa a gari, amma babu wanda ke tambayar tafireta. Kowa kwamfuta yake nema. Shi ya sa Adama ta yi watanni tana zuwa wani shago a Ƙofar Na'isa tana koyo, a ranakun da aka kawo wuta. A cikin watannin ne kuma masaƙar da mijinta Abdulƙadir yake aiki ta rufe, ya koma zaman taya wani abokinsa jiran rumfa a kasuwa. Gidan da dā albashi biyu ke shiga, yanzu babu ko ɗaya.

Wannan kamfanin dillancin magunguna da ke wajen Ƙofar Nassarawa sakatariya ɗaya yake nema, amma mutanen da suka zo sun cika barandar har sun gangara farfajiya. Akwai samari masu digiri sanye da kwat cikin wannan zafi, akwai 'yan mata da ba su daɗe da gama hidimar ƙasa ba. A zamanin da aka ɗauki Adama aiki, zaunar da mutum ake yi a gaban na'ura, a ba shi shafi ya buga, a duba kurakuransa, shi ke nan. Yanzu an ce wannan tsohon yayi ne. Kamfanin ya ɗauko wata mata daga Legas wadda sana'arta ke nan, zaɓar wa mutane ma'aikata. Sai an gana da kai, an ji bakinka, sannan a ga ko ka cancanci taɓa kwamfutar.

Masinja ya leƙo ya kira Lauratu. Ba ta jima ba ta fito tana share gumi, ta zauna ta matso da bakinta kusa da kunnen Adama.

"Saurara da kyau. Ki kalli matar nan tsakiyar ido, kada ki sunkuyar da kai. Ki ɗaga murya. Sannan ki yabi kanki kamar an biya ki. Ni har cewa na yi babu irina a Kano."

"Kai, Lauratu! Ki ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronsa, shi ya sa ban ce a Nijeriya ba."

"Su wa ke ciki?"

"Ita, da wani saurayi mai tabarau, da wani dattijo da bai ce uffan ba. Kada ki damu da shi, ina jin cike gurbi aka kawo shi."

Adama ta yi bismillah lokacin da aka kira sunanta. Ta tura ƙofar, ta yi sallama, ta ɗaga kai kamar yadda aka ce mata. Idonta bai kai ga matar Legas ba. Ya tsaya a kan dattijon da ke tsakiyar teburin, da jar dararsa da farin gemunsa.

Baba Bukar ne, yayan marigayi mahaifin Abdulƙadir, wanda ya karɓa masa aurenta. Ta san bayan ya yi ritaya mai kamfanin ya ɗauke shi kula da harkokin mulki, kuma shi ne ma ya gaya wa Abdulƙadir labarin gurbin. Amma ta tambaya, an tabbatar mata cewa baƙi ne za su yi ganawar, babu ruwansa. Tun da aka kawo ta gidansu a Koki ba ta taɓa ambaton sunansa ba. Ba ta taɓa shan ruwa a gabansa ba, ba ta taɓa zama a kan kujera yana wuri ba, ba ta kuma taɓa fara yi masa magana ba in ban da gaisuwa. Haka ta ga mahaifiyarta ta zauna da nata surukan, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya koya mata.

Kafin ta yi wani tunani ƙafafunta sun fita daga takalmi. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, ina kwananku?"

"Lafiya lau," in ji shi, idonsa a kan teburi. Shi ma bai ɗago ba.

Matar Legas ta dubi Adama, ta dubi takalman, sannan ta nuna kujera, ta ce da Turanci ta zo ta zauna. Kujerar tana daidai saitin Baba Bukar. Adama ta ce nan ma ya isa. Matar ta maimaita, wannan karon babu murmushi. Saurayin mai tabarau ya sa baki da Hausa.

"Malama, taso mana. Nan ba zaure ba ne, ofis ne."

Ta taso, ta ɗosana a gefen kujerar, ta karkata jikinta wajen bango.

Matar ta ce ta ba su labarin kanta. Amsar tana nan cikin kan Adama, daga farko har ƙarshe, da shekarun da ta yi tana aiki, da yabon da shugabanninta suka yi mata, da saurin hannunta. Ta buɗe baki, sai ta ji kamar an ce ta tashi ta yi rawa a gabansa. Ta faɗi sunanta, ta faɗi makarantar da ta yi, ta tsaya.

"Ɗaga murya, Malama. Ba ta jin ki," in ji saurayin.

Ta ɗaga kaɗan.

Matar ta tambaye ta me ya sa za a ɗauke ta a bar duk mutanen da ke waje. Wannan ce amsar da Adama ta fi wahala a kanta, wadda ta yi ta maimaitawa tana wanke-wanke har 'ya'yanta suka haddace suna tsokanarta da ita. Ta ji Baba Bukar ya gyara murya a hankali.

"Ina dai ƙoƙari gwargwadon hali," ta ce. "Su ma na waje suna da nasu ƙoƙarin."

Matar ta rubuta wani abu. Ta tambaya ko tana da aure, ta ce tana da shi. Ta tambayi sunan mijin. Adama ta sunkuyar da kai. Ko a gaban ƙawayenta ba ta kama sunansa, balle a gaban wanda ya yi masa uba.

"Yana rubuce a takardata," ta ce.

Matar ta ajiye biro, ta yi wata gajeriyar dariya, ta ce wa saurayin ko dai mai neman aikin ta manta sunan mijinta ne. Saurayin ya san dalili sarai, amma ya yi dariyar shi ma, domin shi ma sabon ɗauka ne. Adama ta jira. Kalma ɗaya daga bakin dattijon ta isa ta warware komai: ya ce wannan matar ɗana ce, bari in fita ku yi da ita. Ya ci gaba da juya murfin bironsa.

Tambaya ta ƙarshe ita ce, ina take ganin kanta nan da wasu shekaru.

"Inda Allah ya ajiye ni," in ji Adama. Wannan kaɗai ta faɗa da cikakkiyar murya, domin ita kaɗai ce ba ta ji nauyinta ba.

Matar ta juya ga Baba Bukar ta tambaye shi ko yana da tambaya. Ya girgiza kai. Adama ta sauka daga kujerar, ta sake durƙusawa ta yi masa sallama, ta ɗauki takalmanta a hannu, ba ta saka ba sai da ta rufe ƙofar.

Kafin azahar masinja ya fito ya kira waɗanda za su tsaya gwajin kwamfuta. Da Lauratu a ciki. Babu Adama.

Lauratu ta ja ta gefe, kusa da inda ake ajiye babura, ta sa ta faɗi abin da ya faru. Da ta gama ji sai ta tafa hannu.

"Surukinki? Wannan tsohon da na zauna a gabansa ina zuba kamar rediyo? Wayyo ni! To ke sai ki manta da shi na ɗan lokaci mana. In kin koma gida ki yi ta durƙuso har gwiwarki ta kumbura."

"Ba zan iya ba."

"Kin iya kwamfuta da girmanki, wannan ne ba za ki iya ba? Kunyar za ki dafa wa yara su ci?"

"Lauratu, don Allah."

"Ni wallahi haushi kika ba ni. Ke kika koya mini rabin abin da zan shiga in yi yanzu."

Adama ta yi mata fatan alheri, ta fito ta hau bas. Ganuwa da bangayen gidaje duk hotunan 'yan siyasa ne da suka rage tun lokacin zaɓe, rana ta kodar da su, ana iya karanta alkawarin aikin yi a ƙasan wasu. Tana kallonsu tana neman wanda za ta ɗora wa laifi. Ta ɗora wa matar Legas, sai ta tuna baƙuwa ce, ba ta san komai ba. Ta ɗora wa saurayin, ta ga bai kai ba. Da tunaninta ya doshi Baba Bukar sai ta yi istigfari, amma haushin bai tafi ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ko ganin kwamfutar ba ta yi ba.

Ta iske Abdulƙadir ya dawo cin abinci. Ya saurare ta har ta gama, ya dafe kai.

"Wallahi ban sani ba. Ko manajan kamfanin ne ya yi tafiya aka sa Baba a madadinsa? To amma ke ma, ai da kin daure."

"Da kai ne aka zaunar a gaban mahaifiyata aka ce ka yabi kanka, za ka iya?"

Ya jawo kwanon abincinsa gabansa.

Bayan la'asar aka yi sallama a zaure, ashe Baba Bukar ne. Inna, mahaifiyar Abdulƙadir, ta sa aka shimfiɗa darduma a tsakar gida, ta aika a kira Adama ta zo ta gaida babansu. Adama ta saka hijabi, ta fito, ta durƙusa daga nesa kusa da randa.

Baba Bukar yana cikin fara'a. Kamar kullum, ba da ita yake magana ba, da Inna da Abdulƙadir yake yi.

"Na zo ne musamman in gaya muku, yau yarinyar nan ta fitar da mu kunya. Na ga 'ya'yan mutane iri-iri, wata ma ta zauna ta harɗe ƙafa tana ce mini babu irinta a Kano. Amma ita, tun daga bakin ƙofa ta cire takalmi. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Iyayenta sun yi tarbiyya, Allah ya saka musu."

"Amin, amin," in ji Inna, tana murmushi. "Ai Adama ba daga nan ba."

"To Baba, aikin fa?" in ji Abdulƙadir a hankali.

"Aiki kam wata aka ba. Ita baƙuwar ta ce tana son mai baki. Ni kuma ka san zamanin da muke ciki, kowa ido ya zuba. Da na buɗe baki sai a ce tsoho ya kawo matar ɗansa. Kuma ta yaya zan dubi surukata in yi mata tambayoyi? Ni ma ai da kyar na zauna." Ya gyara zaman hularsa. "Amma kada ta damu. Bayan Sallah za a buɗe reshe, za a sake neman sakatariya. Mai kamfanin ya ji daɗin zamana yau, ya ce daga yanzu duk ganawar da za a yi da ni za a yi. Sai ta sake nema, ina nan."

Inna ta shiga godiya da sa albarka. Abdulƙadir ya saci kallon matarsa. Adama tana durƙushe, tana kallon inda ruwan randa ya jiƙa ƙasa. Ta san abin da ake jira daga gare ta: ta ce ta gode, ta tashi ta kawo ruwa, ta koma ɗaki. Ta yi godiyar, amma ba ta tashi ba.

"Baba," ta ce, "ina da roƙo."

Inna ta katse addu'arta a tsakiya. Baba Bukar ya juyo, ya dube ta, abin da bai saba yi ba.

Ta yi magana yadda kowa zai ji ta. "Zan sake nema, in Allah ya kai mu. Roƙona shi ne, ranar da za a yi ganawar, ku yi haƙuri ku zauna a gida."

Inna ta rufe baki da hannu. Baba Bukar ya daɗe yana shafa gemunsa, sannan ya mayar da idonsa kan Abdulƙadir.

"Ka gaya mata na ji," in ji shi.