Kafa ta Bakwai

Ƙarfe takwas na safe, ana yayyafi. Ina zaune ni kaɗai a ɗakin na'urori na kamfaninmu, inda ba taga, sai ƙarar fanka.

Aikina shi ne duba suwic, wato akwatin da ke raba intanet ga kwamfutocin reshenmu na can nesa. Ni na saita shi bara, na sa wa kowace kafa, wato ramin da ake soka waya, sunan teburin da wayarta ta nufa. Daga nan nake ganinsu a allo. Kore lafiya, ja matsala.

Kafa ta bakwai ta ɗakin ajiya ce, teburin yayana. Tun da muka yi cacar baki kan wanda zai riƙe Inna a gidansa, bai ƙara ɗaga wayata ba. Amma kullum da safe in ya kunna kwamfuta, kafar ta koma kore, sai in ce a raina, "Ina kwana, Yaya."

Jiya na ji Oga yana faɗa, wai mai ajiyar reshen nan, wato Yaya, kullum aikinsa a makare, in ya sake yau a sallame shi.

Na tsura wa kafar ido. Kore, ja, kore, ja. Ashe ta fara lalacewa, shi kuma Yaya ko zai mutu ba ya kai ƙara.

Na buɗe kafa ta tara da na rufe bara don ba mai amfani da ita, na kwashe saitin tasa na zuba mata. Sannan na kira maigadin reshen.

"Baba, ina kwana. Don Allah a taimake ni da hannu."

"Kai ne aljanin da ke ganinmu, mu ba ma ganinka? Me ka gano kuma?"

"Wayar ɗakin ajiya da ke rami na bakwai a akwatin intanet za ka cire, ka sa a na tara."

"In wuta ta ja ni, kai za ka ciyar min da iyali."

Na ji takunsa, na ji nishinsa yana durƙusawa. Can sai tara ta yi kore, ta tsaya cak.

"In ce wa mai ajiya ƙaninsa ne ya gyara?"

"A'a, Baba. Bar shi ya yi aikinsa."

Na goge sunan teburin daga bakwai, na mayar da shi tara. Aikin Yaya ya fara wucewa. Na jawo shayina, ya riga ya huce.