Jego Ba Jariri

"Ke dai ki riƙe ƙarfen gadon da kyau," in ji matar da ke zaune kusa da Ukamaka a bencin asibitin. "Ƙanwar mijina da aka yi wa, sai da ta lanƙwasa shi."

"Ƙarfen?"

"Ƙarfen. Har yau in mota ta bi da ita ta ƙofar asibitin nan sai ta dafe mara."

Ukamaka ta gyara zama. Ba ta san matar ba, ba ta kuma tambaye ta ba, amma a layin ganin likitar mata ba a jiran tambaya. Tun da ta zauna aka ba ta labarin wadda ta suma, da wadda ta yi wata guda tana tafiya a tattale, da wadda ta gantsara wa nas cizo. Tsoro bai bar ta ta lura cewa duk cikin masu ba da labarin babu wadda aka taɓa yi wa ba. Kowacce da ƙanwar mijinta.

A layin masu atamfa na kasuwar Ogbete babu wanda bai san bakin Ukamaka ba. Namiji ma sai ya shirya kafin ya taya mata kaya da raini. Amma a nuna mata allura, nan za a ga yadda mace mai ƙiba ke iya gudu. Lokacin da ƙawayenta suka yi yayin ƙarin huda a kunne, an huda mata na dama ta ture mai hudar ta fice, har yau na hagu yana jiran nasa.

Auren nata da Okwudili mai gyaran firji ya doshi shekara goma babu haihuwa, shi ne likita ta ce za a zura wani siririn bututu mai kyamara a leƙa cikin mahaifa. Tun ranar gidan bai zauna lafiya ba. Ta je coci wajen Fada ta furta zunubanta, har da waɗanda take shirin yi. Jiya ta damƙa wa mijinta makullin shago, ta lissafa masa zannuwan da ba ta yarda ƙanwarsa ta gada ba. Abu ɗaya ta roƙe shi, kada ya gaya wa Mama, mahaifiyarta.

"Ukamaka Okwudili," wata ƙatuwar nas ta kira daga bakin ƙofa.

Ta miƙe tana jan carbi. Okwudili ya tashi zai bi ta, nas ɗin ta nuna masa benci da haɓa.

A ciki aka ba ta wata riga mai buɗaɗɗen baya, ta hau gado, ta ɗora ƙafafu inda aka ce. Ta laluba ta kama ƙarfen da hannu biyu.

"Sista, ba za a sa ni barci ba?"

"In kina jin barci ki yi abinki."

Ta runtse ido. Ta ji wani abu ya yi ƙara, ta ƙwalla ihu da sunan Maryamu.

"Madam," in ji likitar, "safar hannu nake sawa."

Da aka fara, ta ji sanyi, ta ji nauyi, sannan mararta ta murɗa irin murɗawar ranar farko ta al'ada. Ya yi ciwo, ba a ce bai yi ba. Ta ja numfashi kamar yadda nas ta ce, ta ci gaba da jiran babban zafin da zai sa ta lanƙwasa ƙarfe. Tana cikin jira likitar ta juyo mata da allon.

"Buɗe ido ki ga abinki."

Ta buɗe. Wani ɗan ɗaki ne ja-ja, sumul, a share tas, babu kowa a ciki. Ba ta zaci ganinsa zai taɓa ta ba, amma sai tausayin kanta ya kama ta, ta kau da kai.

Likitar ta ce akwai ɗan tsiro kamar ƙwayar wake a gefe guda, ba abin tsoro ba ne, za a sa rana a cire shi, wataƙila ya taimaka. Ba ta yi mata alkawarin komai ba. "Yau mara za ta ɗan murɗa, za ki ga ɗigon jini. Ki sha farasitamol. Ban da zama cikin ruwa ko a kan tururi, ban da tura wani magani, maigida kuma ya yi haƙuri kwana biyu. In kin ji zazzaɓi ko jini ya yi yawa, ki dawo. Gobe ki buɗe shagonki."

"An gama ke nan?"

"Ko a ƙara?"

Nas ta fita kai wa Okwudili takardar magani. Ukamaka ta zauna tana ɗaura zani, kunya ta rufe ta. Da wane ido za ta karɓi makullin shago a hannun mutumin da ta bar wa wasiyya jiya? Sai kuma wani tunani ya biyo baya. Tun da ta yi aure ba ta taɓa kwanciya an kawo mata abinci har gado ba. Matan layinsu kowacce ta haihu ta sha hutu, ta dawo kasuwa tana sheƙi, ita kuwa kullum ita ce mai kai gudummawa. Ta buɗe ƙofa a hankali, ta dafa bango, ta fito a tattale.

Matar benci ta dubi sauran matan. "Ban gaya muku ba?"

Okwudili ya taho da sauri ya karɓi jaka, ya tallafe ta har mota. Tsohuwar motarsa da ya saba jefawa cikin kowane rami, yau lallaɓa ta yake yi.

"Sannu, Uka. Me likita ta ce?"

"Ta ce ban da sunkuyo." Ta yi nishi. "Ban da wanki. Ban da dakan sakwara."

"Har yaushe?"

"Har Kirsimeti."

"Muna watan uku fa."

"Ni na karanta likitanci?"

"Haka ne," in ji shi. Fuskarsa ta yi nauyi ƙwarai, nauyin ma ya ɗan yi yawa. A hanya ta sa shi ya tsaya ya sayo mata okpa mai zafi, alalen gurjiyar nan, ta ce ba shi ba, ayaba take so. Ya sayo ayaba. Ta ce da gyaɗa ake ci. Ya koma ya sayo gyaɗa. "Kada ki damu da aikin gida," ya ce yana tayar da mota. "Na yi tanadi."

Tun daga matakalar bene ta ji ƙamshin kimba da busasshen kifi. Ta ɗauka daga gidan maƙwabta ne, matar da ke ƙasan benen tana da tsohon ciki. Sai da suka kai ƙofarsu ta ga silifas ɗin roba an jera su a gefe, ɗaya an ɗinke maɗaurinsa da zare. Ta san silifas ɗin nan.

Mama 'yar ƙaramar tsohuwa ce, amma a ƙauyensu da ke bayan Nsukka sunanta ya fi na ungozoma tsoratarwa. Duk mai jegon da ba ta da uwa, ita ake arowa ta yi mata omugwo, ta zauna da ita, ta dafa mata farfesun doya mai yaji, ta gasa mata ciki da tawul da tafasasshen ruwa safe da yamma. Matan garin sukan ce naƙuda wasa ce, a jira tawul ɗin Mama. Ukamaka ta sani, don tana yarinya ita ke riƙe buta a bakin ƙofa tana jin manyan mata suna kiran iyayensu da suka mutu.

Ga Mama tsaye a tsakar falo, ta ci ɗamara. Daga kicin ana jin babbar tukunya tana tafasa.

"Sannu, 'yata. Surukina, shigar min da ita ɗaki, ka cire zanin gadon."

"Mama, yaushe kika zo?"

"Motar farko. Shiga."

"Ai ba haihuwa na yi ba. Dubawa kawai aka yi."

"An shiga mahaifar ko ba a shiga ba?"

"Leƙawa aka yi."

"Daga bakin titi suka leƙa?"

"Da bututu ne, ɗan siriri."

"To an shiga. Tunda aka buɗe, iska ta shiga, kuma ruwan zafi ne kaɗai ke fitar da ita. Su likitoci buɗewa suka iya."

Nan take Allah ya ba Ukamaka lafiya. Ta saki bango, ta miƙe sambal, ta fizge jakarta daga hannun mijinta.

"Na warke, Mama. Kin gani? Ko ciwon kai ba na ji. Bari ma in daka miki sakwara, kin sha hanya."

"A'a," in ji Okwudili. "Likita ta ce har Kirsimeti."

Ta juya ta dube shi. Ya cije leɓe, kafaɗunsa suna rawa.

"Nas ɗin nan ta gaya maka."

"Ta ce gobe ko ƙwallo kike so ki buga."

"Shi ne ka bar ni ina tafiya kamar agwagwa a gaban jama'a?"

"Ayaba da gyaɗa fa? Su ma likita ce ta rubuta?"

"Na ce kada ka gaya wa Mama."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Jiya na kira ta, da kika ba ni makulli. Kin tsorata ni, Uka. Ban san wanda zan kira ba."

Tana shirin ba shi amsar da ta dace da shi sai ta lura Mama ba ta wajen. Ta same ta a kicin ta kashe wuta, ta durƙusa gaban jakarta tana mayar da kaya. Ƙullin kimba, ƙullin barkono, kwalbar man ja. A saman jakar akwai wani babban farin tawul, sabo, ba a taɓa jiƙa shi ba, amma layin ninkinsa ya yi ruwan ɗorawa saboda daɗewa a akwati.

"Wannan ba shi ne tawul ɗinki na aiki ba."

"Wancan na 'ya'yan mutane ne." Mama ba ta ɗago ba. "Wannan kuwa tun shekarar bikinki na saye shi. Kimbar ce nake sakewa duk shekara, don tana hucewa."

Ukamaka ta shafa ninkin tawul ɗin. Duk tsawon shekarun nan dangin miji sun yi magana, matan coci sun yi, har masu sayen atamfa sun ba ta sunan magani. Mama ce kaɗai ba ta taɓa tambayarta ko sau ɗaya ba. Ita kuma ta ɗauka abin bai dame ta ba ne.

"Na san ba jariri," in ji Mama. "Ban rikice ba tukuna. Amma bana na daina zuwa wa kowa, hannun ya ƙi." Ta ɗaga su. Yatsun sun kumbura a gaɓoɓi. "Na ce ɗan ƙarfin da ya rage in ajiye wa tawa. Da surukina ya ce mahaifa, ya ce asibiti, sai na ce to, ko wannan ne rabona, bari in je tun ina iyawa. Tunda kin warke, shi ke nan. Ku ci farfesun, kada ya lalace."

Ta kama zif ɗin jakar tana ja, ya ƙi jawuwa.

Ukamaka ta dubi tukunyar, tururi na tashi daga gefen murfin. Tsoro na gaske ya kama ta, wanda ya fi na safe. Ta leƙa falo.

"Okwudili, je ka duba firjin wani."

"Yau ban da aiki."

"Ka nemo."

Da ya fita ta dawo ta tsaya a kan Mama. "Ban da zama a kan tururi, likita ta hana, kuma wannan da gaske ne. Gashin baya da na ciki kawai. Kuma a sirka."

Mama ta ɗago ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta miƙe ta gyara ɗamara. "Zan sirka."

Ukamaka ce ta juye ruwan a baho ta kai ɗaki. Mama ta ɗebo ruwan sanyi a ɗan kofin shayi ta tsiyaya rabi, ta ajiye sauran.

"Mama."

"Na sirka mana. Ke ba ki gani ba?"

Ukamaka ta kwararo rabin bokiti a kai, Mama ta yi tsaki ta ce 'ya'yan zamani ba su san abin da ke gyara mace ba. Ta warware farin tawul ɗin ta tsoma shi, ta ɗago shi yana zuba, ta kama za ta matse. Yatsun suka ƙi murɗawa. Ta sake gwadawa, tawul ɗin ya suɓuce ya faɗa cikin bahon. Ta tsaya tana kallonsa.

Ukamaka ta sauko daga gadon. Ta tsoma hannu ta tsamo shi, ta miƙa wa Mama baki ɗaya, ta riƙe ɗayan, ta shiga murɗawa. Ruwan ya bi yatsunta har gwiwar hannu, da zafinsa, hawaye ya cika mata ido, ba ta saki ba sai da ya daina ɗiga.

Ta koma ta kwanta, ta sassauta zani, ta laluba ta kama ƙarfen gadon da hannu biyu.

"Ki danna, Mama," ta ce.