Sautin da Ya Karkata Hagu

Karo na shida ke nan Ummusalma ta mayar da muryar tsohuwar baya. Ta danne iyafis ɗin a kunnuwanta da yatsu, ta runtse ido.

"Sunka shigo da hantsi, muna bakin rijiya. Ɗiyana biyu sunka tafi da su, da Hayatu da..."

A nan sunan na biyu yake narkewa. Ta ƙure ƙarar kwamfutar, babu sauran inda za a ƙara, amma muryar tana zuwa mata kamar daga bayan katanga.

Shekara uku tana wannan aiki a ofishin wata ƙungiyar agaji a Kaura Namoda. Ma'aikata su shiga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi su naɗo bayanin mutanen da 'yan bindiga suka raba da gidajensu, ita kuma ta saurara ta buga. Sunan da ta buga shi ake miƙa wa masu cigiyar waɗanda aka ɗauke. In ta rubuta ba daidai ba, wani mutum daban za a je nema. Yau kuma da ƙarfe huɗu za a aika takardun Gusau, ga shi sha ɗaya ta gota.

Ta tashi ta sha ruwa, ta dawo ta zauna, ta sake tashi ta rufe taga saboda ƙarar janareton maƙwabta.

"Wai lafiya kike ta safa da marwa?" in ji Nabila, abokiyar aikinta da ke tebur na kusa.

"Zo ki ji min sunan nan. Wanda ya naɗi tsohuwar nan ta garin Dauran bai kai mata wayar kusa da baki ba."

Nabila ta sa iyafis ɗin, nan take ta fizge na hagu tana yamutsa fuska.

"Subhanallahi! Haka kike aiki? Ai duk ƙarar a kunnen hagu take, kamar za ta fasa min kai. Na dama kuwa sai ɗan kaɗan."

"Wane irin hagu? Daidai suke."

"Wallahi ba daidai suke ba."

Ummusalma ta karɓa ta mayar kunnenta. Muryar na tsakiyar kanta, can ƙasa-ƙasa, kamar yadda ta saba ji wata da watanni. Ta buɗe baki za ta yi musu, sai ga shugaban ofishin, Malam Mainasara, ya leƙo. Shi ma ya gwada, shi ma ya ɓata fuska.

"Na'urar nan ta samu matsala. Ki kai wa Armiya'u mai gyara yanzu-yanzu. Amma Malama, ƙarfe huɗu ƙarfe huɗu ce."

Ta rungumi kwamfutar a cikin hijabi ta tari Keke Napep. A mararrabar tasha wata babbar motar masara ta tokare hanya, direban na ta faɗa da 'yan kabu-kabu. Ta duba agogo sau uku kafin su wuce. A ranta haushin Nabila take ji, ba ta ma san dalili ba.

Shagon Armiya'u yana layin masu waya, ɗan ƙarami, cike da gawarwakin kwamfutoci. Shi kansa dattijo ne mai furfura a gemu, ya taɓa koyarwa kafin ya kama gyara. Bai ko ɗauki sukundireba ba. Yana jin bayaninta ya yi dariya.

"Malama, wannan ba lalacewa ba ce. Tsohon ciwo ne, ya girmi wasu 'ya'yana."

Ya buɗe wani shafi ya juyo mata allon. Wani layi ne a kwance, an rubuta hagu a wannan gefe, dama a wancan, da ɗan maɓalli a kai. Maɓallin ya tafi can kusa da ƙarshen hagu.

"Kin ga wannan? A tsakiya ya kamata ya zauna. To babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ce ke da aibi. In aiki ya yi mata yawa kina ƙara sauti ko ragewa, sai ta ture shi gefe, kaɗan-kaɗan, ba ta gaya wa kowa ba."

"Ni ban taɓa shi ba."

"Ba wanda ke taɓa shi. Sama da shekara goma mutane na kai kuka, daga ko'ina a duniya. Duk sabon fitowa sai in ce wannan karon sun gyara. Su canja launi, su ƙaro wasu tarkace, shi kuwa yana nan. Ina jin babu wanda aka ɗora wa aikin a can. Har wani bawan Allah ya gaji ya rubuta 'yar manhaja, ba ta da aikin komai sai gadin maɓallin nan."

Ya ja shi da yatsa ya mayar tsakiya, ya rage ƙarar zuwa rabi, ya miƙa mata iyafis.

"Bisimilla."

Ta danna. Muryar tsohuwar ta faɗo mata tar, har da numfashinta da kukan akuya a bayanta.

"...da Hayatu da Nafi'u. Nafi'u shi na ƙarami, ko gemu bai yi ba."

"Nafi'u!" Ummusalma ta ce da ƙarfi. Ta zaro biro ta rubuta a bayan hannunta. Sai kuma ta dakata. "Amma Malam, ka zarce da shi. Yanzu duk ya koma dama."

Armiya'u ya duba allon. Ya karɓi iyafis ɗin ya saurara, ya cire a hankali.

"A tsakiya yake, Malama."

"To iyafis ɗin ne."

Ya ciro wani sabo a leda ya jona mata. Ta saurara. Dama. Ta musanya su, na dama a hagu, na hagu a dama. Har yanzu tsohuwar a kunnen dama take magana.

Dattijon bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce ta toshe kunnen dama da yatsa. Ta toshe. Kasuwar gaba ɗaya ta ja baya, masu talla da injin niƙa da hon ɗin motoci, kamar an kifa mata kwano a kai. Tana ganin leɓɓansa na motsi. Ta cire yatsan.

"Me ka ce?"

"Cewa na yi, tun yaushe?"

Ta zauna a kan bencin shagon ba tare da an ce ta zauna ba. Bara waccan, suna dawowa daga Zurmi da motar ofis, aka buɗe musu wuta a hanya. Jami'in tsaron da ke rakiyarsu ya mayar da martani ta tagar da take zaune, bakin bindigar dab da kafaɗarta ta hagu. Kwana huɗu kunnen na ƙugi. Da ya daina ta gode wa Allah, ba ta je asibiti ba, don a motar akwai wanda bai dawo da rai ba, kunya take ji ta yi kukan kunne.

Sauran abubuwan suka riƙa zuwa mata ɗaya bayan ɗaya. Yadda ta koma amsa waya da hannun dama. Yadda 'yarta Laila ke jan zanenta kafin ta yi magana. Da maigidanta, wanda kujerarsa ke hagunta in suna cin abinci. Watanni ke nan yana cewa ta canja, yana magana tana share shi. Ranar Juma'a har ya ce in wani abu ya yi mata ta faɗa masa, ya gaji da zama da bango. Ita kuma ta rantse bai ce komai ba, suka kwana biyu ba sa gaisawa sosai.

"Wato ita kwamfutar tana ta tura sautin inda ya raunana," in ji Armiya'u, yana shafa gemu. "Kunnen na raguwa, ita tana ƙara masa. Shi ya sa ba ki lura ba. Ni dai yau na fara ganin wanda aibin nan ya yi wa rana. Ko kuma ya cuta. In mayar miki yadda yake?"

Ta dubi ɗan maɓallin.

"Bar shi a tsakiya."

"Zai sake gudu fa."

"In ya gudu zan dawo da shi. Na ga wurin."

A bakin shagon ta tura wa Nabila saƙo: sunan Nafi'u ne, ta buga a layi na tara, ta kuma ce wa Malam Mainasara a riƙe duk bayanan da ta buga tun bara waccan, tana so ta sake saurarensu ɗaya-ɗaya. Bayanan sun fi ɗari biyu.

Mai Keke ya tsaya ya ce ina za a. Ta ce babban asibiti. Da suka hau titi ta kira maigidan, ta kara wayar a kunnen hagu da gangan. Wani ɗan zuzu kawai ta ji, kamar sauro a cikin kwalba. Ta mayar dama.

"...sallama nake ta yi. Maman Laila? Kin kira kuma kin yi shiru. Wai kina jina kuwa?"

"Ina jin ka, Baban Laila," ta ce. "Da kunne ɗaya. Ka same ni a asibiti, in ka zo ka zauna ta damana."