Amsar da Na Gyara a Cikin Bas

Sai da bas ta yi nisa na gane na tafka kuskure. Mu arba'in, duk ɗaliban jami'a, muke neman gurbi ɗaya na koyon aikin lissafin kasuwar hannun jari a wani kamfani. A ƙarshen intabiyu, matar da kamfanin ya sa ta yi mana tambayoyi ta ce in lissafa yiwuwar farashi ya faɗi kwana uku a jere. Na amsa ina cika baki, ita kuwa ta gyaɗa kai kawai. Ashe na kwana biyu na lissafa.

A tsaye nake cikin bas ɗin, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, na rubuta mata a waya: "Amsata ta ƙarshe ba daidai ba ce. Ga gyara."

Da Yaya ya ji, har da riƙe ciki don dariya. "Kai ka kai ƙarar kanka? Wa ya aike ka?"

Kwana huɗu na kasa zama wuri ɗaya. Na share ɗaki, na sake sharewa, na duba waya har Umma ta ce zan ƙwaƙule wa wayar ido.

Rana ta biyar matar ta kira. "Ku tara kuka yi kuskuren nan, duk na gyaɗa muku kai. Kai kaɗai ka dawo. A aikinmu kowa na kuskure, mai ɓoye nasa ne ke durƙusar da kamfani. Ka fara ranar Litinin."

Na ce, "Ranki ya daɗe, don Allah maimaita." Sannan na manna wa Yaya wayar a kunne.