Ta Kafe a Talatin

"Ɗari da arba'in da huɗu," in ji mai gyaran, ta juyo masa da laftof ɗin don ya gani da idonsa. "Malam direba, lafiyarta ƙalau. Ta ma fi tawa lafiya."

Ya sunkuyo ya ƙura wa kusurwar allon ido. Ga 'yar koriyar lambar nan, wadda ke ƙirga hotuna nawa kwamfuta ke fitarwa a daƙiƙa guda, tana ta wasa tsakanin ɗari da arba'in da ɗari da arba'in da huɗu. Jar motar tseren kuwa tana bin titi sumul, ba tsalle ba gargada. Wata takwas yana wannan wasa, bai taɓa ganin motarsa ta yi irin wannan tafiya ba. Ya rantse mata cewa a gida talatin take nunawa, ko ɗaya ba ta ƙarawa. Injiniya, kamar yadda duk 'yan layin masu gyara ke kiranta, ta yi masa irin duban da likita ke yi wa wanda ciwonsa ya gudu a ƙofar asibiti.

Ba za a ce ba ta yi aiki ba. Tun da ya ajiye laftof ɗin a kan teburinta, hannunta ya jawo wayar caja daga ƙarƙashi ya cusa, ya jawo linzamin kwamfuta ya haɗa, duk tana ciniki da wani a waya. Shi kuwa abin ya sosa masa rai, ganin ana aiki da na'ura tana kan wuta, amma ya haɗiye, don ya san masu gyara ba su da tausayin kayan mutane. Ta sabunta manhajar da ke sarrafa hoto, ta kwance bayan ta hure ƙurar fanka, ta mayar. Daga ƙarshe ta yago takarda ta rubuta masa abubuwa biyar da zai gwada idan abin ya dawo. Kafin ta kashe, ya ɗauki hoton lambar da wayarsa, don shi kansa bai gama yarda ba.

Ƙarfe biyu da minti ashirin ya fito. A cikin bas ya rungume jakar a ƙirji, yana kallon ƙeyar direban da ke taka birki kamar yana faɗa da shi. Shekara ashirin da biyu shi ma yana jan bas a cikin gari, ko fenti bai taɓa gogewa ba. A tasha Sannu-Sannu suke ce masa, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba. Mutum ne mai lallaɓa kaya. Tun ranar da batirin wata wayarsa ya kumbura a gaban mota, saboda yana kira tana kan caji, ya kafa wa kansa doka: abu in yana caji a bar shi ya huta, in ya cika a zare, in ana aiki da shi ya yi ƙasa a kashe.

Laftof ɗin nan ba don kansa ya saya ba. 'Yarsa ɗaya a duniya, shekararta goma sha huɗu, sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa yake ce mata Mamana. Da suka rabu da uwarta, uwar ta sake aure suka koma wani gari mai tafiyar yini guda, sai hirarsu ta waya ta riƙa ƙanƙancewa har ta koma lafiya lau Abba, makaranta lafiya, sai shiru. Wata rana ta ambaci wasan tseren mota da take yi da ƙawayenta ta intanet, ya ji muryarta ta canja. A makon ya nemo laftof ta hannu. Tun daga lokacin, kowace Asabar ƙarfe huɗu suna tare, kowa da iyafis a kunne. A cikin tsere bakinta ke buɗewa, ta ba shi labarin malamar lissafi, da ƙawar da suka ɓata, da haƙorin da ke damunta. Shi kullum shi ne na ƙarshe, bai damu ba. Minti hamsin suke samu, batir ya sauko ashirin, ya yi mata sallama ya rufe.

Yau kuwa ba Asabar ɗin da aka saba ba ce. Ƙungiyar wasanni ta makarantarsu ta shirya gasa, kowane ɗalibi da uba ko uwa, a haɗa makinsu. Makon jiya ta koya masa yadda ake fito da lambar nan a kusurwa. Da ya karanta mata talatin, ta ce da talatin ba zai ga kwanar titi ba sai ya shige ta, kowa a gasar ya haura ɗari. Ta ce huɗu saura minti goma ake rufe sunaye, ya turo mata hoton lambar kafin nan.

"In ba ta gyaru ba, Dadi ya ce zai shiga a madadinka. Kada ka damu, Abba."

Dadi shi ne mijin uwarta. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida, abin da ya fi ƙona rai ke nan. Kwana bakwai wannan kada ka damu tana cin Sannu-Sannu, har fasinja ya riƙa wucewa da su tasharsu.

Uku da minti biyar ya buɗe ƙofar ɗakinsa. Bai cire takalmi ba. Ya ture kofin shayin safe gefe, ya goge teburin da hannun riga, ya ɗora laftof ɗin ya kunna. Wasan ya ɗauki lokacinsa kafin ya buɗe, kamar ya san ana sauri. Jar motar ta fito kan layi. Ya dubi kusurwa.

Talatin.

Ya ja tsaki, ya zaro takardar Injiniya ya shimfiɗa. Ya rufe duk abin da ke buɗe a bayan wasan, talatin. Ya shiga saitin hoto, yana bin rubutunta da yatsa, ya nemo wurin da ake ƙayyade yawan hotuna, ya tarar a buɗe yake, babu iyaka. Ya kashe abin da ta ce yana ɗaure wasa da saurin allo, talatin. Ya rage kyawun hoto har bishiyoyin gefen titi suka koma kamar kwali, 'yan kallo suka zama tabo-tabo, lambar ko gezau. Ya kashe kwamfutar gaba ɗaya ya sake kunnawa, wannan kaɗai ya cinye masa minti huɗu. Da a ce tana hawa tana sauka ne, da ya ce gajiya ce irin ta tsohon inji. Amma wannan ta kafe wuri guda, kamar motar da aka sa wa takunkumin gudu, kuma ya rasa wanda ya sa mata.

Ya kira Injiniya. Hayaniyar shago ta cika wayar. Ta tambaye shi ko ɗakin da zafi, ya ce da ɗan dama. Ta ce ya ɗaga ta iska ta shiga ta ƙasa. Ya ɗauko gwangwanayen madara biyu ya ɗora ta a kai, ya jawo fankar tsaye ya saita mata, shi zufa na keto masa ta ko'ina. Ya karanta mata lambar. Ta ce gaskiya abin ya ɗaure mata kai, ga mutane sun cika mata shago, ya kawo ta Litinin su zauna a kanta. Litinin! Ya yi mata godiya ya katse kiran.

Uku da minti talatin da biyar saƙo ya shigo. *Abba ya?* Ya rubuta ana kai. Minti shida bayan nan wani ya biyo. *Dadi ya kunna tasa, wai ko da.*

Nan ya tuna da hoton da ya ɗauka a shago. Ya buɗe shi, ga ɗari da arba'in da huɗu raɗau. Dannawa ɗaya, ta sa sunansa, magana ta ƙare. Ya ɗora babban yatsa a kai. Sai ya hango jar motarsa tana karo da bango a gaban 'yan ajinsu duka, makinta na zubewa saboda shi, ita kuma ta gane Abbanta ya yi mata ƙarya. Kunya ta rufe shi shi kaɗai a ɗaki. Ya fita daga hoton, ya fara rubuta mata cewa ta sa sunan Dadinta. Kalmar nan ta ƙi rubutuwa. Sau biyu yana gogewa, idanunsa na yaji.

Laftof ɗin ta yi ƙara. Ya ɗago, ya ga gargaɗi a tsakiyar allo, batir saura bakwai. Gwaje-gwajen nan sun tsotse shi bai lura ba, shi da bai taɓa bari ya sauka ƙasa da ashirin ba. Ga 'ya na shirin kuɓuce masa, ga na'ura zai kashe. Ba shiri ya miƙe ya sauko da kwalin daga saman kabad, ya ciro cajar, ƙatuwa mai nauyin bulo, a naɗe tsaf da robarta kamar yadda yake mayar da ita bayan kowane caji. Ya cusa a soket, ya cusa a laftof, ya kai hannu zai rufe murfin don ta huta kamar yadda dokarsa ta ce.

Murfin ya zo rabi, fankar cikin ta ɗauki kuka. Allon ya ƙara haske a kan yatsunsa. Ya tsaya, ya ɗaga a hankali. Sittin da biyu. Casa'in da bakwai. Ɗari da arba'in da huɗu.

Ya zare wayar cajar, lambar ta faɗo talatin. Ya mayar, ta tashi. A lokacin hannun Injiniya ya faɗo masa a rai, yadda ya jawo waya daga ƙarƙashin tebur ba tare da ta ko duba ba. Agogon wayarsa ya nuna huɗu saura minti goma sha uku. Ya ɗauki hoton lambar, na farko bai fito sosai ba. Ya dafe gwiwar hannunsa a tebur ya sake ɗauka, ya tura. Alamar tana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Sai ga amsa ta zo. *Na sa ka. Shigo.*

Kafin a buɗe filin tseren ya sake kiran Injiniya ya gaya mata. Ta yi dariya har da tari. Ta ce ko a mafarki ba ta kawo akwai mai wasan tsere da batir ba, shi ya sa ba ta tambaya ba. Irin waɗannan kwamfutoci, in ji ta, da zarar ba su kan wuta sai su riƙe kansu a talatin don batir ya jima, kuma in ya cika da kansu suke daina sha, ba abin da zai kumbura. Ta tambaye shi tun yaushe yake haka. Da ya ce wata takwas, dariyar ta tsaya, ta ce Allah ya ba da sa'a.

Ya zauna da wayar a hannu. Wata takwas. Ya tuna Asabar ɗin da take tsakiyar gaya masa abin da ƙawarta ta yi mata, muryarta na rawa, ya katse ta ya ce batir ya yi ƙasa, sai mako mai zuwa. Mako ya zagayo ba ta sake tayar da zancen ba. Baƙin ciki ya kama shi, babu kuma wanda zai ɗora wa laifi.

Ƙarfe huɗu motoci ashirin da takwas suka jeru. Ya sa iyafis, ya ji numfashinta a kunnensa. Aka saki fitilar fara tsere. A karon farko ya hango kwana tun daga nesa, tana tahowa a natse, ya ga inda za a shiga da inda za a fita. Yatsansa ya tafi kan birki tun da sauran tafiya, kamar yadda ya saba, motoci uku suka wuce shi fuu.

"Abba, babu fasinja a bayanka," in ji ta. "Taka."

Ya taka. Sau ɗaya ya goge bango, sau ɗaya ya ci ciyawa, amma ya wuce iyaye shida, har da wani da ta ce baban shugabar ajinsu ne. Da aka haɗa maki suka zo na tara a cikin goma sha huɗu. Yadda ta yi ta murna sai ka ce kofi suka ɗauka. Daga nan labari ya ɓalle, wane uba ne ya juya mota baya, wace uwa ce ta fi kowa gudu, sai kuma ta gangaro kan ƙawar nan tata, wai yau ta yi mata magana bayan wata biyu. Tana cikin bayani ta tsaya da kanta. Ya dubi agogo, biyar saura minti goma daidai.

"To Abba, na san batirinka ya yi ƙasa," ta ce, da muryar wadda ta saba. "Sai Asabar."

Ya dubi 'yar fitilar cajar da ke ci a gefen gwangwanin madara.

"Yana kan wuta, Mamana. Ba inda za ni. Me ta ce miki?"

Sai ya ji ƙarar kujera, tana gyara zama.