Ranar da Orville Ya Ƙi Mutuwa

Orville Hatcher mutuwa ce sana'arsa. An harbe shi, an rataye shi, an cillo shi daga kan jirgin ƙasa, kuma duk jinin nan ni nake dama shi, don ni ce mai yi wa 'yan wasa kwalliya. Kowa ya san fuskarsa, ba wanda ya san sunansa. A titi sai a tare shi a ce, "Kai, ba kai aka kashe makon jiya ba?"

Da kasuwar fim ta ja baya, muka koma talabijin a New York, inda ake wasa kai tsaye. Abin da ka yi shi duniya ta gani, ba gyara.

Rannan ina shafa masa hoda na ga ya yi tsuru-tsuru.

"Opal," ya ce, "tsohuwata can Kansas jiki ya ƙi. Ta ce ta gaji da ganin gawata. Sau ɗaya dai take so ta ga an tashi wasa ina numfashi."

"To ka roƙi darakta Mista Feldheim mana."

"Na roƙa. Cewa ya yi fuskata ba ta masu rai ba ce."

Wallahi ya ba ni tausayi, amma na cusa masa jakar jinin a riga.

Aka fara. Jarumin wasan, wani dogon sakarai mai suna Clay, ya zaro bindiga, tau! Orville ya dafe ƙirji, ya yi tangaɗi, ya doshi ƙasa. Sai kawai ya ja kujera ya zauna.

"Ƙuje ni ka yi, yaro," ya ce.

Clay ya sake harbi. Orville ya tsiyaya kofi. Clay ya ƙara harbi, har bindiga ta koma ƙyas-ƙyas. Mista Feldheim yana bayan kyamara yana cizon hularsa, yana nuna ƙasa da yatsa kamar mai horon kare. Clay kuwa maganar da ya haddace a kan gawa ake faɗarta, don haka ya tsaya gaban mutum yana kurɓar kofi ya ce, "Allah ya ji ƙansa, mugu ne amma namiji ne."

"Na gode," in ji Orville.

Ni dai tawul na cusa a baki. Aka tashi wasa yana numfashi, aka kuma kore shi tun bai goge jinin ba.

Ko a jikinsa. Ya ja ni zuwa wayar da ke bakin ƙofa, ya karkata ta don in ji.

"Mama, kin gani?"

"Na ga me? Ai ina ganin an zaro bindiga na shige kicin, kamar kullum."

"Mama, ban mutu ba fa! Don ke na ƙi!"

Ta ce, "Ayya Orville, ka biye wa surutun tsufa? Bar su su yi ta kashe ka. Ai sai ranar da suka kashe ka kake kirana."

Ya daɗe riƙe da wayar, jinin da na dama yana ɗiga a kan takalminsa.

"Gobe ma zan kira, Mama," ya ce.

"Wa zai kashe ka gobe?"

"Ba kowa."